Abin da Ba'ana Ya Tura wa Yuguda

Da hantsin wata Talata, cikin daminar shekarar da bama-bamai suka yi ta tashi a Gombe, Cornelius mai gyaran waya ya leƙo daga cikin shagonsa ya ce, "Baba, shigo ka ga wani abu. Ka jawo ƙofar."

Ba'ana ya bar teburinsa ya shiga. Shi mai turi ne. Ka kawo masa mimorin wayarka, ya cika maka shi da waƙoƙi ko karatu ko finafinai a kan naira ɗari. Teburin nasa yana ƙofar shagon Cornelius a Tudun Wada, tsakanin Sa'idu tela da Elizabet mai shinkafa da wake. Tun safe kwamfutarsa take ta daskarewa, shi ya sa ya miƙa ta a duba masa.

Cornelius ya danna wani bidiyo.

Wani fili ne mai yashi, da itatuwan dogon yaro a baya. Mutum huɗu a durƙushe, an ɗaure musu hannu ta baya da igiyar shanya. A kansu samari ne tsaye da bindigogi, fuskokinsu a naɗe da rawani. Ɗaya daga cikinsu ya yi dogon jawabi yana nuna mai ɗauka da yatsa, sannan ya zaro wuƙa ya danƙo ƙeyar na farko ya kwantar da shi. Cornelius ya kifa murfin kwamfutar, amma sautin bai tsaya nan take ba. Shi Cornelius ihu kawai ya ji. Ba'ana kuwa ya ji kowace kalma, domin da Barbarci mutumin yake roƙo. Cewa yake shi albasa kawai yake sayarwa, a tambayi kowa a kasuwa. Daga nan muryar ta koma gurnani, ta ɗauke.

"A ina ka samo wannan?" in ji Cornelius.

"Ban taɓa ganinsa ba, Injiniya."

"A kwamfutarka yake, Baba. Cikin nan." Ya ɗaga murfin a hankali, ya nuna masa wata folda a kusurwar dama ta sama.

Ba'ana ya zauna a kan janareto. Ya san wurin. Shi kwali yake kiran kowace folda, kuma wannan shi ne kwalin sabbi, wanda ya haɗa ranar Lahadi. Duk wanda ya zo ya ce a cika masa da sabbi, daga nan ake cika masa.

"Mutum nawa ka tura wa?"

Kwana biyun nan ba a yi ciniki sosai ba. Ya lissafa fuskokin a ransa, uku ne. Sa'idu tela, da Elizabet, da Yuguda direba. Biyun farko suna nan bayan bango, ana jin ƙarar keken ɗinkin ɗaya da ƙarar ludayin ɗaya. Yuguda kuwa ya ɗauki fasinja zuwa Biu tun safiyar Litinin, a hanyar da ake tsayar da mota a kowane shinge a ce kowa ya sauka ya fito da wayarsa.

Shekarun Ba'ana hamsin da biyu a lokacin, talatin daga cikinsu a sana'ar sauti ya yi su. Mutumin wani ƙauye ne a gefen Bama. Ya shigo Maiduguri yana saurayi, ya fara tura baro cike da kaset, da rikoda a sama tana ta rera abin da yake so a saya. Daga baro ya koma rumfa, daga rumfa ya samu shago. Karatun boko bai yi ba, na allo ya yi, amma a shagon nan ka kwatanta masa waƙa da hanci kawai, zai miƙa hannu sama ba tare da ya duba ba ya sauko maka da ita. Yana da gangar Barebari, da waƙoƙin Sudan, da na Indiya, da na Fulani, da karatun alarammomi iri-iri.

Abin da ya tara masa wannan duka wata ɗabi'a ce da masu kaset na zamaninsa suka tashi da ita. Duk wanda ya kawo kaset a gyara masa zare ko a ɗora masa wani abu, idan Ba'ana ba shi da irinsa, sai ya jefa shi a rikoda mai baki biyu ya kwafa kafin mai shi ya dawo. Ba a ɗauki wannan sata ba, haka sana'ar take. Amma a wancan lokacin kwafar kaset ɗaya tana cin sa'a guda, kuma kana zaune kana jin abin da yake wucewa tun daga farko har ƙarshe.

Faifan sidi ya zo ya rage masa kasuwa, ya lallaɓa ya bi. Sai wayoyi masu mimori suka zo, waɗanda samari biyu za su tsaya a ƙofar shagonsa, su haɗa kai, wannan ya tura wa wancan waƙar da shi yake sayarwa, kyauta, suna yi masa sannu da aiki. A cikin shekara biyu kaset ya zama kayan shara. Kwalaye goma sha ɗaya na ƙarshe wani manomi ne daga Jere ya saye su a kuɗin buhun gero ɗaya, ba don ya saurara ba, sai don ya zare zaren ya ɗaɗɗaure a gonar shinkafa ya kori tsuntsaye. Ba'ana ya taɓa bi ta wajen, ya ga gonar tana ta ƙyalli a rana, bai tsaya ba.

Bayan haka ne aka fara jefa wa masu sayar da waƙa takardu a shago, a ce su daina. Wata ranar Asabar ya tafi ɗaurin aure ya bar ƙaninsa Babakura a shagon. Mutum biyu suka zo a kan babur, suka yi sallama, suka harbe shi sau uku a ƙirji. Da Ba'ana ya dawo ya tarar an rufe shi da tabarma, ƙafafunsa a waje, rikodar tana ci gaba da yi domin ba wanda ya yi ƙarfin halin shiga ya kashe ta. Bayan sadakar bakwai ya kwashi matarsa Falmata da 'ya'yansu uku suka taho Gombe, suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya a Bagadaza.

Cornelius mutumin Kaltungo ne, ya yi karatun lantarki bai samu aiki ba ya buɗe shagon gyara. Ba'ana ya kawo masa wata tsohuwar waya, hira ta yi hira, ya gane wannan dattijon ya fi duk samarin layin sanin abin da kunnen mutane yake so. Shi ya nemo masa tsohuwar kwamfuta, ya ba shi ƙofar shago da wuta, ya koya masa abu uku: yadda ake soka mimori, yadda ake kwasowa, yadda ake zubawa. Sunayen da ke rubuce Ba'ana ba ya iya karanta su. Da wurin zama ya haddace kwalayensa, wa'azi a hagu, Indiya a tsakiya, sabbi a dama ta sama.

Masu turi sun kai goma sha biyu a wannan layin kaɗai, yawancinsu samari masu sauko da sababbin abubuwa daga intanet tun ranar da suka fito. Shi ba shi da intanet, ba shi da kuɗinta, bai ma san ta inda ake shiga ba. Sai ya koma wa tsohuwar ɗabi'arsa. Duk mimorin da ya shigo hannunsa, sai ya kwashe abin da ke ciki gaba ɗaya ya zuba a nasa kafin ya cika wa mai shi. Yanzu abin ba ya cin sa'a guda, minti uku ne, kuma shiru yake wucewa, wani koren layi kawai yake tafiya. Cornelius ya taɓa ce masa, "Baba, kana kwasar kayan da ba ka buɗe ba." Ya ce, "Injiniya, in na tsaya buɗe abu ɗari biyar, yaushe zan ci abinci?" Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani baƙo ya kawo mimori a sa masa karatu. Ba'ana ya kwashe nasa kamar kullum. Ko fuskarsa bai riƙe ba.

Karɓo mimorin Sa'idu da na Elizabet bai yi wuya ba. Cornelius ya ce musu cuta ce ta shiga kwamfutar, za ta lalata musu waya. Elizabet ta ce dama ba ta samu zaman kallo ba, Sa'idu ya ce a dai mayar masa da waƙoƙin Sudan ɗinsa. Cornelius ya goge mimorin biyu, ya goge kwalin sabbi, ya sake bin kwamfutar ya share duk wata alama.

"Daga yau ba mu ga komai ba," ya ce. "Ni Kirista ne mai gyaran waya, kai Babarbare ne mai tsage a fuska. Ko waye ya zo, ba wanda zai tsaya jin bayaninmu."

"Saura Yuguda."

"Kira shi. Amma kada ka ambaci sunan abin a waya."

Yuguda Bafulatanin Akko ne, dogo, mai dariya kamar ana buga ƙofa. Shi ne mutum na farko da ya fara kawo wa Ba'ana mimori a Gombe. Ranar ya tsaya a gaban teburin, ya ƙare wa tsagen fuskarsa kallo ya ce, "Ashe bawana ne ya buɗe kanti bai sanar da ni ba." Wata uku ke nan da zuwan Ba'ana garin, kuma wannan ne karo na farko da wani ya ga tsagen nan bai ja baya ba. Ya ce, "Wa ya bar Bafulatani ya shigo gari ba sanda?" Tun daga nan wasan Fulani da Barebari ya ƙullu a tsakaninsu, kuma ba su taɓa yi wa juna magana ta hankali ba. Yuguda in ya dawo daga tafiya sai ya ajiye masa ƙullin rogo ko gyaɗa ya ce abincin bayi ne. Ba'ana ya taɓa sa masa kukan saniya a matsayin ƙarar kira, wayar ta tashi yana durƙushe gaban surukansa. Wata rana kuma ya kira shi da muryar tashin hankali ya ce an janye motarsa daga tasha, Yuguda ya taho a guje da kumfar aski a rabin fuska.

Sai a kira na biyar wayar ta shiga.

"Yuguda, kana ina?"

"Ubangidanka yana Biu, mota na wajen bakanike. Me ya faru, bawa ya yi kewa?"

"Mimorin da na cika maka ranar Lahadi. Cire shi, ka karya, ka jefa a masai."

Dariyar nan ta cika masa kunne. "Hatsi ya ƙare a gidan Barebari ke nan. In karya in zo in sayi sabo a wajen wa?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ranar aski ma ba wasa kake yi ba."

"Wallahi, Yuguda."

Dariyar Yuguda ta tsaya. A shekara biyu bai taɓa jin rantsuwa a bakin Ba'ana ba. "To me ke ciki? Ni waƙa kawai nake ji a rediyon mota, kuma ta yi daɗi."

Ba'ana ya kalli Cornelius, Cornelius ya girgiza kai da ƙarfi.

"Ba abin faɗa a waya ba ne."

"Au." Dariyar ta dawo. "Fim ɗin banza ka zuba min, tsoho da kai, da furfurarka. To na ji. Jibi zan shigo, sai ka cire kayanka da hannunka, ni ba zan taɓa ƙazanta ba."

Sabis ya ɗauke. Ya yi ta kira ranar Talata da Laraba, matar nan ta cikin waya tana ce masa ba a samun lambar. Saƙon rubutu ba shi da amfani, Yuguda ma ba ya karatu. A gida Falmata ta ga yana ajiye tuwo rabi, ta ce, "Baban Yagana, wani aka kashe kuma?" Ya ce ba kowa. Ba ta yarda ba, amma ta saba da irin wannan amsar tun Maiduguri.

Ranar Alhamis bayan azahar ya rufe teburinsa ya tafi tashar da motocin Biu suke sauke fasinja. A ƙofa aka shafa shi da ƙarfen bincike gaba da baya, aka sa ya cire hula, mai binciken ya daɗe yana kallon fuskarsa kafin ya matsa masa. Ya samu benci a rumfar wani tsohon ɗan kamasho da ya san su tare da Yuguda, ya zauna. An yi yayyafi da safe, tashar duk taɓo ce da warin man gas. A can ɗaya gefen ana lodin wata doguwar mota, mata masu gyaɗa da dafaffen ƙwai sun kewaye tagoginta.

Gab da la'asar motar Yuguda ta shigo. Fasinjoji suka sauka suna miƙe ƙafa. Yuguda ya fito, ya hango shi, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a ku shaida, bawana ya zo tarbata."

Ba'ana ya miƙe. Taku ashirin ne tsakaninsu, bai fi ba. Ya yi taku uku.

Bai ji ƙara ba. Wani abu ne ya ɗauke shi ya maka da ƙafar rumfar, sai ya ga sama ta yi ja sannan ta yi baƙi. Da ya buɗe ido yana kwance a taɓo, kunnuwansa suna wani siririn kuka, kwanon rufi yana saukowa daga sama a hankali kamar takarda. Doguwar motar nan ta buɗe ta tsakiya tana ci da wuta, akwai mutane a ciki, hannuwansu suna dukan gilashi. Kusa da fuskarsa ga farantin gyaɗa a kife, ga ƙafa ɗaya da takalmin roba, ba sauran jikin. Wani mutum ya wuce shi yana tafiya a natse, rigarsa ta ƙone ta manne da bayansa, yana riƙe da jakar da ba ta da gindi. Wata mata tana zaune tana ta tattara ƙwai tana mayarwa a roba, jini yana zuba daga inda kunnenta yake a da.

Jinsa ya dawo da kaɗan-kaɗan, salati da kururuwa suka shigo tare. Ya dafa ya tashi. Ya hango Yuguda a tsaye a jikin motarsa, gilashin gaba ya zube masa a kafaɗa, amma da ransa. Yuguda ya zaro waya yana dannawa. Matarsa yake nema, don ya ce mata yana raye.

A Gombe ta wancan lokacin kowa ya ji ana cewa da waya ake tayar da bam.

"Ga shi can yana dannawa," wani ya ce. "Motar Biu ce. Yanzun nan ta shigo."

Kafin Ba'ana ya ɗaga ƙafa an rufe Yuguda. Mutanen da minti ɗaya da ya wuce suke gudu suna neman ƙofa suka juyo. Wani ya murɗe masa hannu ya ƙwace wayar. Yuguda yana cewa, "Ni ne fa, Yuguda, shekara tara ina lodi a nan." Wasu direbobi biyu suka fara cewa a dakata, sun san shi. Wanda ya ƙwace wayar saurayi ne mai jini a goshi, ya iya waya, yatsansa yana gudu a kanta. Ya tsaya. Ya ɗaga ta sama ya juya wa jama'a fuskarta, ya ƙure sauti.

Ba'ana ya sake jin muryar mai albasa.

Direbobin nan biyu suka ja baya. Wayar ta bi hannu-hannu. Wanda ya fara dukan da ƙarfen jak ya fara, a gwiwa, Yuguda ya durƙushe. Sai katako, sai sifana, sai rabin bulo da wani ya ɗauko da hannu biyu ya sauke masa a kafaɗa. Hularsa ta faɗi aka tattake ta cikin taɓo. Yana kare kansa da hannu har hannun ya karye ya saki. Wani yana cewa a kawo taya, wani ya riga ya tafi zuƙo fetur daga wata mota.

Ƙofar tashar tana bayan Ba'ana, a buɗe, masu binciken sun gudu. Ba wanda yake kallonsa. Ya tuna Falmata da yara uku a ɗaki biyu na haya, a garin da ba su da kowa. Ya tuna ƙafafun Babakura a wajen tabarma, ranar da shi ya kamata a tarar a shagon. Sai ya ga ƙafafunsa suna tafiya gaba.

Ya kutsa yana ture mutane da kafaɗa. "Ni na tura masa," ya ce. Ba wanda ya ji. Ya kama hannun mai ƙarfen jak ya rataya a jiki. "Ni na tura masa. Ni mai turi ne a Tudun Wada. Bai san yana ciki ba, ko kallonsa bai yi ba."

Wannan karon sun ji, kuma sun ji Hausar Barebarin da ya faɗe shi da ita. Suka ga tsagen. Da'irar ta buɗe ta haɗiye shi. Katako ya same shi a gefen kai, wani ya same shi a haƙarƙari, ya faɗi a kan gwiwa kusa da Yuguda, har yana jin numfashinsa yana fita da ƙyar.

Yuguda ya ɗago. Ido ɗaya ya rufe, haƙoran gaba babu. Ya tofar da jini ya yi magana da ƙarfin da ya rage masa.

"Ƙarya yake. Taubashina ne, komai nawa sai ya sa baki. A Biu aka tura min." Ya juyo da idon da ya saura ya kalli Ba'ana. "Tashi ka ba mutane wuri, bawan banza. Wa ya kira ka?"

"Yuguda, ka faɗa musu gaskiya."

"Ku ji shi. Ko kunna waya bai iya ba."

Tsohon ɗan kamashon nan ne ya shigo ya kama wuyan rigar Ba'ana ya ja shi baya a cikin taɓo, yana cewa, "Ku bar wannan, a rumfata yake zaune tun azahar, bam ɗin ne ya taɓa masa kai. Ku dubi kunnensa." Jini kuwa yana fita daga kunnen. Wani ya ƙara masa sifana a damtse don kada ya tafi haka nan, ƙashin ya yi ƙara, sannan suka koma kan wanda suka fara.

An riga an rataya wa Yuguda tayar a wuya lokacin da motocin jami'an tsaro suka shigo suna harbi sama. Jama'a suka watse. Ba'ana yana kwance a gefe, ya ga an cire tayar, an ɗauki Yuguda hannu da ƙafa an jefa shi a bayan mota, an jefa wasu mutum biyu a kansa. Wani jami'i ya tsinci wayar a ƙasa ya sa a aljihu. Ba'ana ya ga tafin ƙafar Yuguda ɗaya yana motsi, ko kuwa girgizar motar ce, har yau bai tabbatar ba. Ya yi ƙoƙarin kira, muryar ba ta fito ba. Shi kuma masu agaji suka kwashe shi tare da sauran, aka rubuta shi a cikin waɗanda bam ya raunata.

Kwanansa shida a asibiti. Ranar da aka sallame shi, da hannu a ɗaure a wuya, bai wuce gida ba, ya sa mai keke napep ya kai shi shagon Cornelius ya ce a ba shi kwamfutar, zai kai ta wajen hukuma ya nuna inda abin ya fito.

Cornelius ya rufe ƙofa. "Baba, me za ka nuna? Mun goge tun ranar Talata. Ranar Alhamis da na ji abin da ya faru na cire cikinta na farfasa da guduma, na zuba a kwata." Ya zauna ya riƙe kai. "Ina da yara biyu."

Ba'ana bai ga laifinsa ba. Tare suka goge.

Duk da haka ya je. Ofis uku na jami'an tsaro ya shiga da ƙafarsa, Cornelius yana jiransa a tsallaken titi. A na farko aka duba wani littafi aka ce babu mai wannan suna. A na biyu aka ce ba nan ake kawo irinsu ba, kuma ba a san inda ake kai su ba. A na uku wani mai furfura ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi ina kwamfutar, ina baƙon da ya kawo mimorin, waye shaidarsa. Da ya ga ba ko ɗaya, ya rage murya ya ce, "Baba, ka je gida. In ka sake faɗin wannan maganar a nan, mutum biyu za a nema maimakon ɗaya."

A makon farko masu turi sun ɓace daga layin Tudun Wada. Mutane suka yi ta cire mimori suna jefawa a kwata, har da waɗanda ba abin da ke ciki sai hotunan biki. A mako na biyu samarin suka dawo da teburansu ɗaya bayan ɗaya, wasu da kwali a rubuce cewa kayansu masu tsabta ne. Wurin Ba'ana wata mai sayar da katin waya ta kafa lema a kai. Bai nemi wata kwamfutar ba. Falmata ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, kunnensa na hagu kuma bai dawo ba.

Motar Yuguda tana nan a tashar, an tura ta jikin katanga, ba gilashi. Matarsa Dudu takan zo Bagadaza duk bayan kwana biyu, da goyo, ta zauna a tabarmar Falmata. Ba'ana ya faɗa mata komai tun zuwanta na farko, bai rage ba. Ta saurara, ta ce, "Ya ce min kai ne ka sa masa kukan saniya." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta daina zuwa ba. Sun duba ɗakin ajiye gawa sau biyu, ba ya ciki. Wani direba ya ce ya ji an wuce da mutum uku wani gari, wani ya ce biyu ne suka isa.

Kowace safiya bayan ya karya, Ba'ana yakan fito ƙofar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ya kara wayar a kunnen dama ya kira lambar. A kashe take. Har kwana ashirin da uku suka wuce, ba wanda ya zo da labarin ko Yuguda yana raye.